Mazan gidanmu suna faɗuwa kafin su kai 50, wai ana gadon ciwon zuciya ne?

Ɗan Ƙofar Doka ya rubuta:

Slm 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da bayani, wlh na kwana biyu bana samun barcin kirki. Yayana ya rasu wata biyu da suka wuce, shekarunsa 41, tela ne a Tudun Wadan Zariya, mutum siriri ko tumbi bashi da shi, taba bai taɓa sa ta a baki ba, kullum a keke yake zuwa shago daga cikin gari ya dawo. Ranar bayan isha'i ya shigo yana dafe da ƙirji yace wani abu ya tokare masa kamar an ɗora masa bulo, gumi sai karyo masa yake alhali ana sanyi, matarsa tace olsarsa ce ta tashi tunda bai ci abincin rana ba, ni da ƙafata na fita na je kemis na siyo masa maganin olsa na ruwa ya kurɓa ya kishingiɗa. Wajen ƙarfe uku na dare ta buga min ƙofa, kafin mu samu mai Napep mu isa asibiti rai yayi halinsa, a kan cinyata. Likitan da ya duba shi yace ga dukkan alamu bugun zuciya ne.

Na yarda da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Amma abinda ya tsaya min a rai shine mahaifinmu ma haka ya tafi yana da 47, a rumfarsa ta kasuwa ya yanke jiki, ƙaninsa baffanmu kuma yana dawowa daga masallacin Juma'a, shima bai cika 50 ba. A dangi har an fara ƙus-ƙus wai sammu ne, wasu suce mayu. To a wajen zaman makoki wani abokin Yaya da yake aikin lab ya ja ni gefe ya tambaye ni wai marigayi yana da wani kumburi a agara, bayan dunduniya? Na ce masa eh, tun yana saurayi, har takalmi sau-ciki yana damunsa, kuma nima ina da shi a ƙafar dama. Sai yace inje in auna kitsen jinina kar in yi wasa, wai akwai wanda ake gado.

Ni 36 gare ni, yarana uku, Yaya ya bar biyar duk sun dawo wuyana. Shin da gaske ana gadon wannan abu? Ana iya ganewa tun kafin mutum ya faɗi? Sannan na ji a rediyo ana cewa a ƙasashen Turawa ana tara kuɗi don binciken yadda za a gano irin wannan da wuri, mu nan akwai mai yin wannan kuwa ko sai dai mu yi ta binne mutane?

Baban Gyallesu ya rubuta:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abinda ya bari, ya baka ikon riƙewa. Ɗana kar ka ɗora wa kanka laifin maganin olsar nan, ko ni ne abinda zan yi kenan, duk ƙasar nan da ƙirji ya yi zafi olsa muke cewa. Maganar sammu kuma ka toshe kunnenka, tana raba zumunci ne kawai. Annabi SAW yace Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, don haka zuwa asibiti bai kore tawakkali ba. Ka je. Bari masu ilimin abin su zo su yi maka bayani.

Sista mai aikin dare ta rubuta:

Allah ya jiƙan Yaya. Malam ni nas ce, na daɗe a ɗakin masu ciwon zuciya, bazan iya yanke maka hukunci ta waya ba amma wlh abinda ka lissafa, maza uku a gida ɗaya ƙasa da 50 ga kuma kumburin agara, likita ko barci yake in ya ji wannan sai ya tashi zaune. Abokin yayanka ya yi maka gata.

Sunan abin a takaice FH, wato yawan kolestarol na gado. Yadda yake shine hanta tana da wasu 'yan ƙofofi da suke kwashe mugun kitse daga jini, wanda a takardar gwaji ake rubutawa LDL. Wanda ya gaji FH daga uba ko uwa kusan rabin ƙofofin nan nasa basa aiki, saboda haka tun daga haihuwa kitsen yake taruwa, yana liƙewa a jikin jijiyoyin da suke kai wa zuciya jini kamar yadda datti yake cushe bututun famfo a hankali, shekara ashirin talatin babu ciwo babu komai, rana ɗaya wurin ya fashe jini ya daskare a kai ya toshe hanya. Shi yasa siririn mutum mai hawa keke ma yake faɗuwa, ba ruwansa da ƙiba ko cin kilishi da man shanu. Likitoci biyu na Dallas a Amurka, Brown da Goldstein, su suka gano ƙofofin nan har aka basu kyautar Nobel a 1985.

Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, lissafin duniya kusan mutum 1 cikin 250 ne, mafi yawansu basu san suna da shi ba. In ba a yi magani ba kusan rabin maza masu shi suna gamuwa da ciwon jijiyar zuciya kafin 50, mata kusan kashi 30 cikin 100 kafin 60. Duk ɗan da mai shi ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Alamun da ake gani da ido sune irin kumburin nan a agara ko a bayan yatsun hannu, da farin zobe da yake zagaye baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba, da wani rawaya-rawaya a fatar ido, amma da yawa basu da alama ko ɗaya sai jini ne yake tonawa.

Abinda zaka yi, ka je asibiti kace a rubuta maka gwajin lifid, wato awon kitsen jini, ana yi a asibitin koyarwa na Shika ana yi a labs da yawa cikin gari, jini kaɗan ne a sirinji, yawanci zasu ce kazo da safe baka ci komai ba. Ka duba layin LDL, in ya kai 4.9, ko 190 in da ɗayan ma'aunin suka rubuta, to ga tarihin gidanku zance ya kusa fitowa fili, sai ka nemi asibitin zuciya ka tafi da sunayen duk wanda ya rasu da shekarunsa a rubuce. Likita zai duba suga da ƙoda da maƙoƙo ma don suma suna ɗaga kitse. A haɗa da awon hawan jini da ECG, wato awon yadda zuciya take bugawa, don ba kitse kaɗai ake gado ba, akwai kaurin naman zuciya wanda shima yake bin jini, shi ya kashe ɗan ƙwallo Marc-Vivien Foé na Kamaru a tsakiyar fili a Faransa a 2003, wannan da hoton zuciya na eko ake ganinsa.

Magani akwai, sitatin, irinsu atobastatin da rosubastatin, ƙwaya ɗaya a rana amma har ƙarshen rayuwa ne, ba irin na maleriya bane da za a sha kwana uku a ajiye. In bai isa ba a ƙara ezetimib. Yara ana fara basu daga shekara 8 zuwa 10. Akwai binciken da aka yi a Holan aka bi yara sama da 200 masu FH da aka fara ba magani tun suna ƙanana har shekara 20, aka fitar da sakamako a 2019, kashi 1 cikin 100 ne kawai suka samu matsalar zuciya kafin su kai 39, iyayensu da basu samu magani da wuri ba kuma kashi 26. Ka ga yaran Yaya biyar ɗin nan su ne abin dubawa. Dan Allah kar kowa ya je kemis ya siya da kansa, mai ciki da mai shayarwa basa sha sai abinda likita yace.

Abu na ƙarshe ga kowa da yake karantawa, ciwon ƙirji mai nauyi da gumi, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ya wuce 'yan mintuna bai saki ba, ba a jiran gari ya waye.

Malamin Samaru ya rubuta:

Allah ya gafarta masa. Sista ta gama magana ta ɓangaren asibiti, ni bari in taɓa tambayarka ta ƙarshe don ita take ci min tuwo a ƙwarya, ina koyarwa a fannin kimiyyar halittu kuma kullum sai mun yi wannan muhawara da abokan aiki a wajen mai shayi.

Wannan 1 cikin 250 ɗin, a kan Turawa da wasu ƙasashe aka lissafa. In ka ɗora shi a kan mutanen Najeriya sama da miliyan 200 zaka samu sama da mutum dubu 800, amma kowace al'umma da nata, a Afirka ta Kudu Turawan Afrikana nasu ya kai kusan 1 cikin 100 saboda daga 'yan gidaje kaɗan suka yaɗu. An taɓa ƙirgawa a 2016 aka ga kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka wajen kashi 3, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin halitta a duniya. Ma'ana ko yau ka tura jininka waje ka biya dala, zasu iya ganin wani canji a ƙwayar halittarka suce basu san fassararsa ba don basu taɓa ganinsa a littafinsu ba.

Kuma abin da yake min ciwo, in an duba mu ana samun alheri. A Dallas ɗin nan dai, Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun gano wajen kashi 2 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna da wani canji a ƙwayar halittar da ake kira PCSK9, kitsensu ƙasa yake tun haihuwa, a rahoton 2006 haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 88. Wannan na cikin abinda ya buɗe hanyar alluran rage kitse da suka fito a 2015, alluran da yau talakan Zariya ko a mafarki bazai iya siya ba, kuma daga jinin jikokin Afirka aka samo hasken.

Akwai ma wani ɓoyayyen da gwajin lifid na yau da kullum baya nunawa, ana rubuta shi Lp da ƙaramin a, Kåre Berg ya gano shi a Norway a 1963. Kusan mutum 1 cikin 5 a duniya nasu yana sama, kusan gaba ɗaya gado ne, abinci da motsa jiki basa sauke shi sosai, sitatin ma baya sauke shi, kuma mu baƙar fata a matsakaici namu ya fi na Turawa yawa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai tun 2019 tace kowane baligi ya auna sau ɗaya a rayuwa. Ana kan gwajin magungunansa yanzu. Wane adadi ne haɗari ga Bahaushe ko Bafulatani ko mutumin Kudancin Kaduna, wannan aiki ne da sai an zauna an yi shi a nan.

Ba wai bamu taɓa yi ba. Garin nan namu sunansa yana cikin littattafan zuciya na duniya, a shekarun 1970 Parry da Davidson sun yi bincike a asibitin koyarwa na ABU a kan kumburin zuciyar masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta, har yau ana kafa hujja da aikin. Kwanan baya ma binciken SIREN na shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, Zariya da Kano suna cikin cibiyoyinsa, a ƙarƙashin shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka. Amma waye ya biya H3Africa? Hukumar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila. In mai kuɗin ya juya baya sai firiza ta mutu da samfurin jini a ciki.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin har yau bamu kai ba. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tana da asusun bincike na ƙasa, ana samu, amma kowane fanni a ƙwarya ɗaya yake ci, daga noma har injiniyanci. A Ingila kuwa British Heart Foundation da gudummawar jama'a da shagunan gwanjo take tara abinda take ba masu bincike. Mu da muke da waƙafi a addininmu, mai kuɗi zai gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, Allah ya bada lada, amma da zai ware wani abu ya tsaya wa rajistar iyalai masu irin tarihin gidanku, nas biyu da mai lab ɗaya da babur suna bin dangi gida-gida, wlh sadaka ce mai gudana. Holan abinda ta yi kenan daga 1994, in an samu mutum ɗaya sai a bi 'yan uwansa, sun gano sama da mutum dubu 20 a haka. Sulobeniya kuma duk yaro ɗan shekara 5 ake aunawa. Babu wani injin sihiri a ciki, sirinji ne da littafi da man babur.

Abu Sabon Gari ya rubuta:

Malam da girmamawa, ni ina ganin ka yi nisa. Mutanen da hawan jini yake kashewa a garin nan sun ninka waɗannan, kuma ko na'urar awon BP babu a wasu ƙananan asibitocin unguwa, mutum maganin wata ɗaya ma gagararsa yake. A fara da wannan kafin a zo maganar ƙwayoyin halitta.

Malamin Samaru ya rubuta:

Gaskiyarka ne hawan jini ya fi kisa nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma ai nas ɗin da zata ɗaura maka awon BP ita zata ƙara tambaya ɗaya, akwai wanda ya mutu farat ɗaya a gidanku yana da ƙuruciya? Tambayar nan kyauta ce. Wanda yace eh shi za a tura lab, ba kowa ba. Binciken da nake nufi shine a san nawa ne a cikinmu, kuma wane adadi za a riƙa tsorata da shi, don a kashe ɗan kuɗin da ake da shi inda ya dace.

'Yar Babban Dodo ta rubuta:

Allah ya jiƙan Yaya yasa aljanna makoma. Ni roƙona ɗaya, kun yi ta cewa maza maza, dan Allah kar a manta da mata. Kace mazan gidanku, to ƙannenka mata da gwaggonninka fa, ai Sista tace rabi da rabi ne ko mace ko namiji, su nasu jinkiri kawai yake yi, kuma suna can gidajen aure suna haihuwa suna miƙa wa 'ya'yansu ba wanda ya sani. Gwaggona shekara biyu tana cewa ƙirjinta yana mata nauyi in ta hau bene ko tayi daka, ana ce mata iska ce ana mata hayaƙi, sai da ta kwanta aka gane zuciya ce.

Sannan mu a cikin gari kun san yadda auren zumunci yake, ɗan wa da 'yar ƙani. In duka biyun sun ɗauko daga kaka ɗaya yaro zai iya haɗa biyu, Sista ki gyara min in nayi kuskure amma naji wannan tun suna yara yake kama su. Bance a daina auren gida ba, sikila ma ai bamu daina aure ba, jinotayif muka koyi yi kafin a ɗaura, da farko mutane suna jin kunya yanzu har limamai suna tambayar takarda. Abinda nake tsoro kawai kar a fara cewa gidan su wane masu ciwon zuciya ne a ƙi auren 'ya'yansu, don haka Malam in zaka faɗa wa dangi ka fara da manya a cikin ɗaki, kar ka sa a guruf ɗin WhatsApp na family.

Sista mai aikin dare ta rubuta:

Haka ne 'yar uwa baki yi kuskure ba, in uwa da uba duk suna da shi kowane ciki akwai 1 cikin 4 yaro ya haɗa biyu, su ne zaka ga kumburin rawaya a gwiwa da gwiwar hannu tun basu shiga firamare ba, kuma zuciya tana iya taɓuwa kafin su kai 20. Ba kasafai ake samu ba amma auren dangi yana ƙara shi.

Ɗan Ƙofar Doka ya rubuta:

Slm, ngd ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba na gode da nasiha ta sanyaya min rai. Na je ranar Talata da sassafe ban karya ba aka ɗibi jinin, jiya na karɓo, LDL ɗina 7.2 aka rubuta har mai lab ɗin ya ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashi. Sista wlh da na gani sai da na zauna a kan benci na ɗan lokaci, hannuna yana rawa. Na ga likita yau, ya matsa agarar nan tawa ya haska idona da tocila, ya sa na zana masa gidanmu a takarda tun daga kakanmu, wa ya haifi wa, wa ya rasu yana da shekara nawa, da muka gama sai ga mutum shida, har da gwaggonmu ta Wusasa da aka ce mana a barci ta tafi, ban taɓa lissafa ta ba sai da Hajiya ta Babban Dodo tayi maganar mata. Suga da ƙoda lafiya, BP ya ɗan hau kaɗan. Ya rubuta min maganin na fara daren nan, yace in dawo bayan wata biyu a sake aunawa, ECG kuma ranar Litinin.

Na samu Inna a ɗaki na mata bayani a hankali, tayi kuka sosai tace da an san haka tun zamanin Baba, sannan da kanta tace zata kira 'yan matan nata uku su zo gida ranar Lahadi ba sai mazajensu sun ji daga bakin wani ba. Yaran su takwas ne da nawa, kuɗin bazai ɗauke su lokaci ɗaya ba, zan fara da manyan Yaya guda biyu, mai 15 da mai 12, in albashi ya shigo, sauran wata mai zuwa. Malam na Samaru in har aka tashi yin rajistar nan da kake faɗa a sa gidanmu a layin farko, takardar da na zana wa likita na ɗauki hotonta tana wayata. Sista tambaya ɗaya, autan Yaya shekararsa 4, shima a kai shi yanzu ko a bari ya ƙara girma?